Tattabarun Irshad

"Yaya, tattabarun sun tafi," in ji Tahir ta waya. "Na buɗe musu su sha iska, ko ɗaya ba ta dawo ba."

Shekara talatin Irshad ya yi yana kiwonsu a saman benensu na tsohon garin Delhi. Da ginin ya tsage aka tashi kowa, sai ya kai su garin Meerut wurin ƙaninsa Tahir, don gidan hayar da ya koma an hana kiwon tsuntsu.

"Ba na ce ka kulle su wata guda ba?"

"Yau kwana arba'in, Yaya."

Irshad ya zura takalmi ya tari adaidaita zuwa tsohuwar unguwarsu.

Ya tarar an riga an rushe benen, sai tarin bulo. Da ya ɗaga kai, ga su nan duka, suna ta kewaya daidai inda hawa na huɗu yake a da.

Ya yi musu fito har leɓɓansa suka bushe. Ko ɗaya ba ta sauko ba. Tunda aka ƙyanƙyashe su, ba su taɓa ganinsa a ƙasa ba.