Naɗin Gindin Riga

Riga biyu Baffa, ƙanen mahaifina, ya ɗinka mini tun da na koma hannunsa a Ringim. Duk biyun ruwan ƙasa ne, yadi mai kauri, an naɗe gindinsu ciki saboda tsawon da zan yi.

Wata la'asar, ana gab da Sallah, ya kai ni wurin tela. Na ɗauka awo za a yi mini. Ashe warware naɗin za a yi. Tela ya farke zaren, ya bi da dutsen guga na gawayi, sai ga ƙasan rigar da duhunsa, samanta kuwa duk ya koɗe. Kowa ya gani ya san tsohuwa ce.

Baffa ya ce, "Ka gani ko? Sabuwa ce a ciki. Yaro mai hankali ba ya tara tsummokara."

Yana faɗa, ana gwada wa ɗansa shadda ta uku.

Har yau mutane na yabon tattalinsa. Ni kuwa ƙaurin gawayi kawai nake tunawa. In tela ya tambaye ni ko ya bar wa yarana naɗi, cewa nake yi, "Yanke shi."