Kofi na Sha Biyu

Kofi na tara ke nan. Malam Barau ya shanye, mai zuba gahawa ya sake zuba masa.

Daga Katsina ya zo Umara, ya hau benen gidan gahawa don kallon fitilun Madina. Yanzu ya manta da fitilu. Wato mutumin nan ƙure shi yake son yi?

"Ni Barau? Mu zuba mu gani!"

A kofi na sha biyu hannunsa ya kama rawa. Nan take mutumin ya ajiye buta, ya ce da Hausa, "Alhamdu lillahi, Alhaji! A nan, sai baƙo ya girgiza kofi muke dainawa."

Barau ya danne hannun nasa da ɗaya hannun.

"Ban girgiza ba. Zuba!"