Wasiƙun Dakta Arzika

"To wannan ta bakwai fa, ita ma ta aiki ce?" Malam Andrawus ya watsa wasiƙun a kan tebur. A cikin littafin waƙoƙin cocin matarsa ya tsinto su.

"Maigida, don Allah kada ka buɗe," in ji matar tasa, Edna.

Tun da ta dawo daga kwas ɗin ungozoma a Zariya, ba ta da zance sai Dakta Arzika. Shi ne mai binciken nan da likitocin haihuwa ke bin rubuce-rubucensa, har ungozomomin Kafanchan sun haddace maganarsa kamar aya. Andrawus kuwa ko sunan ya ji sai ya ɗaure fuska.

"Shekara tara ba haihuwa, ina tare miki bakin Mama, kada ta sa in kore ki. Ashe ga wanda ya ci zuciyarki!"

Ya yage ambulan, ya karanta da ƙarfi don ta ji kunya.

"Malama Edna, na sake faɗa miki lafiyarki ƙalau. Bincikena ya nuna sau da yawa matsalar tana wajen miji, kuma wata tana jin magani. Shekara biyu ke nan da kika san haka, amma kina shan zagin da ba naki ba don ki rufa masa asiri. Ki kawo shi."

Andrawus ya nemi kujera ya zauna.

"Shirya mana kaya," ya ce. "Gobe za mu hau jirgin ƙasa zuwa Zariya, ni za a duba. Amma sai na fara biyawa wurin Mama, ta ji daga bakina."