Filtar Injin Ruwa

Mai kula da injin ruwan unguwa ya durƙusa yana lalube, hannunsa duk baƙin mai. Filtar tace mai da ya ƙara wa injin don ya riƙa aiki ba tsayawa ta ɓace, mai sai tsiyaya yake. Dole ya kashe shi. Masu bokitai suka yi masa caa.

Ya koma gida. Ga abinci a tabarma, ga filtar a gefe an goge ta tas.

"Ke ce?"

Matarsa ta miƙo ruwan wanke hannu, idonta ya ciko. "Da can ko ranar canjin mai muna ganinka, Maigida, amma tun da ka sa filtar nan kullum kana wurin injin. Ci tukuna, sai ka mayar."