Jirgin da Ya Hau Dutse ta Cikin Gonakin Dawa

Zauna tukuna, kai sarkin gaggawa, da kake ce mini miƙaƙƙiyar hanya ita ce ta masu hankali. Wa ya gaya maka? Saurara ka ji.

A wani gari da ke gindin dutse akwai wani tsoho da ya haura tamanin da biyar. Yana saurayi ya yi aikin zuba kwal a jirgin ƙasa mai ɗauko kuza daga kan dutsen. An daɗe da cire layin, ƙarfen ma maƙera sun cinye shi, sa'o'insa kuma duk sun riga shi. In ya zauna a majalisa ya ce jirgi ya taɓa hawa wancan dutse, shi ne ma mai ba shi wuta, sai samari su ɗaga kai su dubi dutsen, su dubi juna, su ce, "Haba Baba, wanda akuya ke hawa tana hutawa? A dai ji tsoron Allah." Mutumin da bai taɓa cin amanar kowa ba, ga shi zai shiga kabari da sunan maƙaryaci. Sai ya daina fita.

Jikansa, wani magidanci mai shagon gyaran kwamfuta a bakin kasuwa, abin ya tsaya masa a rai. Akwai wani wasan kwamfuta da ake tuƙa jirgin ƙasa a ciki. Kai za ka shimfiɗa layin da hannunka, amma jirgin ba ya yi wa kowa kara: nauyinsa kamar na gaske, in hawa ya fi ƙarfinsa ba ya hawa. Mutumin ya sauko da taswirar dutsen a kwamfuta, ya ja layi ɗoɗar daga gindi zuwa bisa, yadda ya saba bi da babur. Don rawar kai ko gwadawa bai yi ba, ya tara 'yan majalisa a shago. Jirgi ya yi kuka, ya ɗan taka, ƙafafunsa suka riƙa juyawa a wuri ɗaya, sannan ya sulalo da baya, shi da taragunsa. Dariyar da aka yi har mahauta sun ji. Wanda ya zo wanke kakansa, sai ga shi ya ƙara masa dauɗa.

Sai a sannan ya je ya durƙusa ya tambaya. Tsohon ya ce, "Ni ina na ga hanya? Ina duƙe a kan shebur, fuskata a bakin wuta. Abin da na sani, in mun tashi da hantsi, sau uku rana take sauya mini kafaɗa kafin mu kai sama." Sau uku! Ashe jirgin kewaya dutsen yake yi. Amma ta ina? Taswira ta yi gum. Wani manomi ne a gefen dutsen ya ja shi tsakiyar gonarsa, ya nuna masa wani siririn layi inda dawa ba ta wuce ƙugu, alhali ta gefe ta fi mutum tsawo. Nan tsakuwar layin dogo take binne, tun zamanin ubansa take dakushe musu fartanya. Mai gyaran kwamfuta ya rufe shago, ya bi gajeriyar dawa da ƙafa, gona bayan gona, yana sa alama a wayarsa. Inda ta ɓace ya tambayi mai gona na gaba. Makiyaya suka nuna masa wani tsohon kwalbati da ƙaya ta rufe. Aka girbe dawa bai kai rabi ba, ya haɗiye zuciya ya jira wata daminar. Matarsa ta yi mita, abokan sana'a suka kwashe masa masu kawo gyara, ƙafarsa ta yi kanta, bai fasa ba. Dutsen da babur ke hawa kafin shayi ya huce, sai da ya ci masa damina biyu.

Ya shimfiɗa sabon layi a wasan bisa alamun da ya sa. Ranar kasuwa ya ɗauko tsohon ya zaunar da shi gaban allo, shago ya cika har waje, yawancinsu dariya ta biyu suka zo yi. Jirgi ya tashi. Maimakon ya tunkari dutsen, sai ya ba shi baya, ya ratsa gonaki, ya lanƙwaso, ya sake lanƙwasowa, yana hawa kamar ba ya hawa. Tsohon ido ya yi rauni, kunne yake sawa. Da ya ji ƙarar jirgin ta sauya a kan kwalbatin nan, sai ya zabura ya daka tsawa, "Ƙara wuta! Shebur goma, ga babban hawan nan tafe!" Babu wanda ya ga hawa a allo. Sai da jirgin ya sha kwana, ga shi kuwa, tsaye kamar bango. Jika ya ƙara wuta, jirgi ya yi nishi, ya ja, ya ja, ya fito kan dutse da taragunsa duka, yana busa. Shago ya ɗauki kabbara. Wanda ya fi kowa baki a majalisa ya cire hula, ya tsuguna, ya ce, "Baba, a yafe mana." Tsohon ko kallonsa bai yi ba. Ya ce wa jikansa a mayar da jirgin gindi, yanzu shi zai tuƙa.

To, ka ji. Je ka ja naka layin ɗoɗar, in ka sulalo da baya ka dawo ka same ni. Ba a banza Hausawa suka ce ba: hanyar lafiya, a bi ta da shekara.