Juyi a Lungun Malam Jumare

Ƙafar hagu ta sake taɓa ƙasa, karo na tara a yammacin nan, babur ɗin ya yi tari ya mutu.

"Ka sauke ta," in ji tsohon da ke zaune kan dakali. "Jaki da mangala ya fi ka iya juyawa."

Zulkiflu ya sake tayar da babur ɗin. Shekara goma sha tara yana masinja a ofis guda, yana raba takardu a kan keke, ba a taɓa kama shi da makara ba. Sai bana aka sayo babura, aka ce duk masinjan da bai ci jarrabawar tuƙi ranar Alhamis ba, ya ajiye jaka ya kama gabansa. Ga shi da shekara arba'in da shida da 'ya'ya biyar. Tafiya miƙe dai ya iya. Abin da ya gagare shi juyi ne guda: a karya kan babur a koma inda aka fito, a fili mai faɗin tabarma biyu, ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba.

Ba zai yi wannan faɗi-tashi da furfurarsa a unguwarsu ta Ƙofar Galadima ba. Shi ya sa ya ari babur ɗin surukinsa, ya nemo wani lungu da ba ya ɓullewa a Limancin Kona, inda ba wanda ya san shi. Bayan La'asar yake zuwa, ya bar wurin kafin Magariba. Da ya san lungun yana da mai shi, wanda masu wucewa ke kira Malam Jumare, da ya nemi wani.

Ranar farko ya yi abin da ɗan mutunci ke yi. Ya kashe babur, ya yi sallama, ya rusuna ya miƙa hannu biyu. Tsohon ya amsa sallamar, amma ya bar hannun a iska, har Zulkiflu ya gaji ya janye abinsa ya soke a aljihu. A Birnin Zariya ana yafe zagi kafin a yafe wannan. Tun daga ranar ya ƙullace shi.

Shi kuwa tsohon, kamar an ɗauke shi aikin cin mutunci.

"Ka cika totur, gudun me kake yi?"

"Wa ya ce ka damƙi birkin gaba? Na baya, da ƙafa, a hankali!"

"Kana sakin kulochi kamar ka taɓa garwashi. Wanda ya ba ka aron babur ɗin nan bai son kayansa."

Abin da ya fi ci wa Zulkiflu rai, mutumin bai taɓa yin ƙarya ba. Kuma yana faɗa ne kansa a karkace gefe, carbi na tafiya a hannunsa, kamar abin bai ma kai ya ɗago ya kalla ba. Wallahi Zulkiflu ya tsane shi, tsana irin wadda ke bin mutum har kan akushin tuwo.

Ranar Laraba babur ya kwanta da shi a bakin kwata, wandonsa ya yage a gwiwa. Tsohon ya yi dariya har da tafa cinya.

"Baba, na ci maka wani abu ne?" Zulkiflu ya daka masa tsawa.

"Lunguna ka cika da hayaƙi, kwana takwas, ba ka koyi komai ba. Matsoraci ne kai. Duk mai sauke ƙafa, ƙasa yake kallo. In ka isa, in ka zo juyawa, waiwayo ka kalle ni cikin ido."

Zulkiflu ya tashi babur. Ya je ƙarshen lungu, ya karya kai, ya waiwayo ta kan kafaɗa ya watsa wa tsohon harara da duk ƙiyayyar da ya tara. Bai ankara ba sai ya ga babur ya bi idonsa, ya zagayo sumul, ƙafafunsa biyu a sama. Ya sake. Ya kuma sakewa, har sau shida.

"Sa'a ce," in ji tsohon. "Gobe za ka zubar da ita a gaban mutane."

Ranar Alhamis masinjoji uku suka sauke ƙafa kafin a zo kansa. Da aka kira sunansa, bai kalli robobin da aka jera a ƙasa don shata iyakar filin ba. Ya ajiye fuskar tsohon nan a bayan kafaɗarsa, ya harare ta, babur ya juyo. Mai jarrabawa ya sa hannu a takarda.

Gida ya kamata ya nufa, inda ake jiransa da addu'a. Ina! Limancin Kona ya miƙe da tsakar rana, lokacin da bai taɓa zuwa ba. Ya juya babur a gaban dakali, ya tokare shi a tsakiyar hanya, ya buɗe takardar dab da hancin tsohon.

"Ga ta. Matsoracin ya ci. Karanta da kanka!"

Tsohon bai motsa ba.

"Na ce ka karanta! Yau kuma bakin ya mutu?"

Ana cikin haka aka kira Azahar. Wani dattijo ya fito daga gidan da ke kallon dakalin, yana gyara hula. Malam Jumare ya laluba ƙarƙashin tabarma ya zaro sanda, ya miƙa masa bakinta, dattijon ya kama, sannan ya dubi Zulkiflu.

"Bawan Allah, ɗan janye babur ɗin nan kada Malam ya yi karo da shi, shekara ashirin ke nan ba ya gani."