Maginiyar Tukwane Da Aka Hutar

Ka ce za ka hana Baba zuwa gona don ya huta. Kafin ka ɓoye masa fartanya, saurari wannan misali.

An yi wata maginiyar tukwane a wani ƙauye, dattijuwa mai jikoki. Tun tana budurwa, kullum da safe takan gangara bakin rafi ta haƙo yumɓu, ta aza shi a kan gammo, ta hauro gida. Ta zuba masa ruwa ta tattake shi da ƙafa har ya yi laushi, sannan ta durƙusa ta gina tulu ko randa. Ranar kasuwa ita ke ɗaukar kayanta da kanta. Burinta ɗaya ne a duniya, kuma kowa a ƙauyen ya san shi: ta je Makka ta kewaya ɗakin Allah da ƙafafunta. Da babban ɗanta ya samu buɗi a birni, sai ya biya mata kujerar Hajji, ita da yayarta mai kiwon awaki, don su zama abokan tafiya. An biya da wuri, tafiya kuwa sai baɗi. Ɗan nan ya zo gida ya tarar da uwar tsamo-tsamo cikin taɓo, kunya ta kama shi. Ya ce, "Haba Inna, kina shirin zama Hajiya kina taka yumɓu? Me mutane za su ce da ni? Ki adana ƙarfinki, aiki na can yana jiran ki." Ita ma ta ga maganar ta yi ma'ana. Aka shimfiɗa mata katifa a inuwa, aka ɗauko mai aiki, har butar alwala sai an kawo mata gabanta. Matan ƙauye suna wucewa suna cewa, "Kai, wannan ta haifi ɗan kirki." Aka je wa yayar da irin wannan maganar hutu, ta ce in ta zauna wa zai kai awakinta kiwo, ta ɗauki igiyarta ta fice.

Da farko hutun ya yi wa maginiya daɗi. Kaushin ƙafarta ya tafi, ta yi ƙiba, fatarta ta yi sheƙi. Kafin damina ta wuce sai ta ga in za ta tashi sai ta dafa ƙasa. Da aka yi girbi sai ta dafa bango. Bayan nan ta fara yin sallar nafila a zaune. Duk lokacin da ta yi kukan gwiwa, sai a ce hutun ne bai isa ba, a ƙara mata matashi. Babu wanda ya yi haka da mugunta. Sun ɗauka ƙarfin jiki kamar hatsi ne a rumbu, in ba a ɗiba ba yana nan. Alhali ya fi kama da rijiya, wadda in an daina jan ruwanta sai idonta ya toshe.

Lokaci ya yi, suka tashi, suka sauka lafiya. Ranar da ta fara ganin Ka'aba ta yi kuka, ta kama hannun yayarta suka shiga cikin masu ɗawafi. Ta yi zagayen farko tana haki. A na biyu gwiwoyinta suka ƙi, taron mutane yana tura ta, sai da aka janye ta gefe don kada a tattake ta. Aka samo keken da ake tura marasa ƙarfi a kai, aka hau da ita bene, inda zagayen ya fi faɗi, ɗakin kuma yana can ƙasa, daga nesa ake hango shi. Yayar ce ta tura ta, tsohuwar da ta girme ta nesa ba kusa ba. Tana turawa tana cewa, "Ke da aka lallaɓa kamar ƙwai, ga shi yau mai bin awaki ce direbanki." Maginiya ta ce, "Yaya, ki yi addu'a, ki bar ni da abin da ya dame ni." Haka aka yi tsakanin Safa da Marwa, jifa kuwa sai wakilta ta aka yi. Malamin ayarinsu ya tabbatar mata aikinta ya cika, babu abin da ya ragu, kuma gaskiya ya faɗa. Ta dawo gida Hajiya, an tarbe ta da murna, ɗanta ya sha yabo. Amma abin da ta yi shekaru tana roƙo, wato ta zagaya ɗakin nan da tafin ƙafarta a ƙasa, bai samu ba, kuma ba ta sake komawa ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce motsi ya fi laɓewa.